Maiƙo a Fuskar Malome

Ku gyara zama, masu karatu, yau zan ba ku labarin da har yanzu mahaifiyata ba ta ji ba. In akwai ɗan garinmu a cikinku, don Allah ya karanta ya haɗiye.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Tlali, mai kiwon tumaki a kan duwatsun Lesotho. Yarinyar da ta hana ni sakat kuwa sunanta Nthati, 'yar garin Ha Lekhari. A rumfar askin tumaki muka haɗu bara, tana cikin mata masu ware gashi. Ta ɗaga gashin ragona ta jujjuya, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Mai wannan ragon yana son dabbarsa, amma shi da sabulu ba sa gaisawa." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Da na koma gida na yi wankan da ban taɓa yin irinsa ba, ga sanyi kamar ya tsaga dutse. Daga nan abin ya soma.

Matsalar ita ce ba ni kaɗai nake so ba. Akwai Lebusa, mai motar haya da ke zuwa Maseru, babban birninmu, mai rigar fata da agogo. Mutanensa sun riga namu zuwa, mahaifinta Ntate Mokhele ya ce musu zai yi tunani. (Ntate shi ne baba a wurinmu, haka ake kiran duk dattijo.) Da namu lokacin ya yi, gidanmu suka zaɓi Malome Phakiso, ƙanen mahaifiyata, ya je ya roƙa mana ƙoƙon ruwa, kamar yadda ake faɗa in an je neman aure.

Ranar da zai tafi, mahaifiyata tana tuƙa tuwon masara tana yi mini huɗuba ba tare da ta waiwayo ba.

"Ka dai sani. In sun shafa masa kitse ya dawo fuska tana ƙyalli, an ba mu. In ya dawo a bushe, ka koma wa tumakinka, ka bar kallon waya kamar mai jiran haihuwa."

"Na sani, 'Me."

"Kuma ƙafarka kar ta taka garin nan. Uban yarinya ba ya ganin yaro kafin magana ta nuna. Ka ji ni ko?"

"Na ji."

Malome yana zaune a kan kujerar babana ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Ya yafa bargonsa na zuwa coci mai zanen masara, ya soke shi da babban fil a kafaɗa, takalmi ya sha goga. Gwiwarsa ba ta barinsa hawan doki, shi ya sa ya roƙi gurbi a ƙaramin jirgin da ke zagaya ɗakunan shan magani na kan duwatsu. Tun da aka ce an ba shi kujera yake magana kamar shi ya ƙera jirgin.

A nan ne ya sako mini abin da ban shirya masa ba. Wai daga Ha Lekhari ba gida zai dawo ba, jirgin zai wuce da shi Maseru a duba masa gwiwa.

Na ce, "To Malome, in ka isa sai ka bugo."

"In bugo me?"

"Waya."

Ya dubi mahaifiyata. "Kin ji ɗanki? Maganar da dattawa za su shafa mini a fuska, ita zan cusa cikin abin da suke kallon ƙwallo? Sai na dawo na zauna gaban ubanka, an kawo mini kunu, na sha, na yi gyatsa."

"Yaushe za ka dawo?"

"Ran da gwiwa ta ce in dawo."

Jama'a, ku yi mini alƙalanci. Mutum ya je Maseru, ya kwana a gadon asibiti, masu jinya su wanke shi da sabulu safe da yamma, wane maiƙo ne zai rage? Ni kuma ina nan ina jiran gwiwa.

Ya tafi ranar Talata. Ni kuwa na tare a kan wani dutse bayan garkenmu, don nan kaɗai waya ke kamawa. Nthati ma tana da nata dutsen, takan ce wa mahaifiyarta za ta je neman jaki. Jakin nan ya ɓata a bana fiye da duk jakunan ƙasar.

Saƙonta na farko ya shigo da la'asar.

"Kawunka ya iso. Yana ɗingishi kamar sarki."

"Yaya fuskar Ntate?"

"Kamar kullum. Dutse."

"Ya yi dariya?"

"Ya yi tari."

Na zauna ina auna tarin nan. Tarin yarda ne ko na ƙi? Tumaki suka shiga gonar mutane ban sani ba.

Washegari ta rubuto, "Sun kore ni gidan kaka a kan tudu, wai kar in ji maganar manya. Kaka kuma ta ce ita kurma ce, alhali jiya ta ji na buɗe gwangwanin sukari daga waje."

"Ke me zuciyarki take ce miki?"

"Tana ce mini ka ci abinci. Na san ba ka ci ba."

Ban ci ba kuwa. Can da yamma sai ga wani. "An yanka tunkiya. Kar ka soma rawa, ko mutanen Lebusa an yanka musu. Mai shago ya sauke faifan hasken rana saboda iska, ba inda zan yi caji, batirina ya ku"

Iyakarsa ke nan. Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na dubi wayar, ta dube ni.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban yi dogon tunani ba. Jirgi zai ɗauki Malome ranar Alhamis da hantsi. Daga gidan Ntate Mokhele zuwa filin jirgi dole ya taka da ƙafarsa, da fuskarsa a gaba. Ni ba magana zan yi da kowa ba. Kallo ɗaya zan yi daga nesa in juyo, gani ya kori ji. Na ce wa mahaifiyata zan hau sama in duba tumakin da ke wurin makiyaya. Ta ƙulla mini burodin da aka turara da ragowar nama a tsumma, har tana cewa, "Yawwa, gara ka yi aiki, zai rage maka tunani." Kunya ta kama ni, amma ba ta kai ta sauke ni daga kan doki ba.

Na kwana a bukkar makiyaya a hanya, gari na wayewa na ci gaba. Watan Agusta ne, ƙarshen hunturu ke nan a wurinmu. Ƙanƙara ba ta gama narkewa a ƙololuwa ba, iska kuma ta tashi da ƙarfinta, ta buge ka ta yi shiru, sai ka saki jiki ta dawo ta wani gefen. Dokina Sefako yana tafiya a karkace kamar mai jin haushin wani.

Filin jirgin Ha Lekhari yana kan doron tudu ne, dogo siriri, ƙasa ce da tsakuwa. Ƙarshensa babu komai sai rami mai zurfi, kogi yana can ƙasa kamar zare. Gefe ɗaya gonar da aka yi wa huɗa, ɗaya gefen kuma wata ƙofa ce tsakanin duwatsu biyu, ta nan iska take shigowa ta ratsa filin a gicciye. Na ɗaure Sefako bayan wani shingen dutse, na ja hular sanyi ta rufe mini fuska sai ido, na shiga cikin 'yan kallo. Ba wanda ya dube ni sau biyu, don duk namijin da ke wurin haka ya rufe tasa. Na ce a raina, iskar nan 'yar uwata ce.

Ashe ban gama saninta ba.

Can sai ga su suna gangarowa. Wani dogon dattijo mai furfura a gemu, shi kaɗai ne bai rufe fuska ba a duk filin. Ba sai an gaya mini ba, dutsen da Nthati take faɗa ne. Kusa da shi bargo mai zanen masara yana ɗingishi. Na ɗaga dunduniya, na leƙa ta kafaɗar wani. Malome ya ja hular sanyi baƙa har wuya. Ido biyu kawai, su ma ya ƙanƙance su.

Na hau doki har da kwana a hanya don in kalli hula.

Na koma karanta tafiyarsu. Sun jera kafaɗa da kafaɗa, wannan alheri ne. Amma ba sa magana, wannan kuma fa? Ntate Mokhele ya riƙe masa jaka. To ai ko wanda ka hana 'yarka kana iya riƙe masa jaka, don ya yi saurin tafiya. Na rasa inda zan ajiye zuciyata.

Jirgin yana tsaye a bakin fili, fari, ɗan ƙarami, fikafikansa suna rawa duk lokacin da iska ta bugo. Matuƙiyar wata gajeriyar mace ce mai kitso biyu. Ta zuba hannu a aljihu tana kallon wani dogon buhu mai ruwan lemo da ke kan sanda, mai nuna ƙarfin iska. Ya miƙe tsaye ya nuna gona, ya faɗi, ya sake miƙewa. Ta shigar da Malome da wata mai jinya da akwatunan magani, ita kuma ta ƙi shiga.

Malome ya leƙo ta ƙofa. "Ausi, 'yar uwa, ko in sauko in tura?"

"Ntate, zauna da gwiwarka. Sai ta huta."

Wani tsoho a gefena ya ce, "Iskar Ha Lekhari ce za ta huta? Tun ina yaro nake jira."

Aka yi dariya. Aka jira har mata suka soma zama a ƙasa suna ba jarirai nono a cikin bargo. Ni dai idona yana kan tagar Malome, ina roƙon Allah ya sa zafi ya dame shi ya cire hular. Bai dame shi ba.

Sannu a hankali buhun ya saki jiki, ya rataye. Ciyawa ta daina motsi. Matuƙiyar ta ƙara jira, ta dubi duwatsu, sannan ta shiga ta ja ƙofa. Injin ya tashi, jirgin ya juya hanci ya fuskanci ramin. Na ce shi ke nan, Tlali, ga amsarka nan za ta tashi sama.

Ya soma gudu. Tsakuwa tana tashi a bayansa. Ya kai wajen rabin fili, ƙafar gaba ta soma sauƙi, sai na ji wata mata ta ce a hankali, "Ga ta nan."

Duk mun gan ta. Ta fito ta ƙofar duwatsun, tana kwantar da ciyawa tana tahowa kamar garken da aka koro. Ta daki jirgin a haƙarƙari. Fiffiken da ke wajenta ya ɗaga sama, ɗayan ya sunkuya har ya kusa sharar ƙasa. Jirgin ya yi tsalle a ƙafa ɗaya, ya dawo, wutsiyarsa ta fizge gefe. Sai muka ji ƙarar injin ta mutu lokaci guda. Matuƙiyar ta fasa tashi. Ya yi ta jan ƙafa yana wutsil-wutsil, ramin yana matsowa, sannan ya sauka daga fili ya faɗa cikin huɗar gona. Ƙafar gaba ta nutse, hanci ya soki ƙasa, wutsiya ta ɗaga sama ta tsaya cak, kamar kaza tana tsattsagar hatsi.

Shiru. Har iskar ta yi shiru, kamar ta ji kunya.

Ban san lokacin da na fara gudu ba. Na manta da ɓuya, na manta da huɗubar mahaifiyata, takalmin robana ɗaya ya zauna a cikin huɗa ban tsaya ɗauka ba. Malome fa, shi ya fara ɗora ni a kan doki tun ina yaro. Ni na riga kowa isa.

Matuƙiyar ta riga ta fito, goshinta da ɗan jini, muryarta kuwa daidai kamar mai sayar da tumatir. "Ku fitar da su ku yi nesa, mai yana zuba. Kar wanda ya kunna taba. Kai, kama wancan dattijon."

Mai jinyar ta sauko da ƙafarta. Malome yana rataye a ɗamarar kujera, kai a sunkuye, akwatin magani a cinyarsa. Na kwance shi, na juya na goya shi kamar jariri, na yi ta gudu da shi cikin huɗa har bakin shinge, na kwantar da shi a kan bargona. Bai motsa ba. Na kira shi a hankali, bai amsa ba. Mutane suka zagaye mu.

Mai jinyar ta durƙusa ta kama hannunsa. "Zuciya tana bugawa sarai. Suma ce. Cire masa hular nan ya sha iska."

Ku yarda da ni, masu karatu, a wannan lokacin ba aure a raina. Numfashinsa kawai nake nema. Na kama hular na ja, ta ƙi fitowa da sauƙi, kamar an manna ta. Na ƙara ja.

Rana ta sauka a kan fuskar Malome, fuskar ta mayar mata da haske.

Goshi, kumatu, hanci, har cikin kunne. Sanƙonsa yana ƙyalli kamar sabon kwano, zaren hula duk ya manne a jiki. Na ce a raina, tsaya Tlali, kar ka yi sauri, wataƙila gumi ne, wataƙila man jirgi ne. Na sunkuya na kai hanci na sansana.

Tunkiya.

Daidai nan ya buɗe ido ɗaya. Ya ce, "Mun iso Maseru?"

Mai jinyar ta ce, "Kun iso gonar Ntate Mokhele."

Abin da na yi bayan wannan ba ni da bakin kare shi. Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ke fitowa tare da hawaye. Na tuɓe hulata na jefa sama, iska ta tafi da ita. Na miƙe da takalmi ɗaya na soma taka rawar maza, ina buga ƙafa ina girgiza kafaɗa, ga jirgi a bayana da wutsiya a sama. Mata suka ɗauka murnar tsira nake yi, sai suka saki guɗa. Maza suka shigo da sandunansu. Wasu suka ɗaga matuƙiyar sama tana cewa su sauke ta, za ta kira ofis. Tsohon nan yana ta faɗa wa kowa, "Da ba ta kashe wutar ba, da yanzu a kogi muke tsintarsu. Yarinyar nan a ba ta saniya." Gari guda yana rawar an tsira, ni kaɗai na san rawar da nake yi.

Ni da Malome, wanda ya buɗe ido na biyu ya gan ni. Na ga bakinsa ya buɗe, ya rufe.

Sai na ji hannu a kafaɗata, mai nauyi, mara gaggawa. Na juya. Dutse ne, da gemunsa.

"Kai ɗan waye?"

Na waiwaya wajen Malome.

Dattijon ya dubi Malome a ƙasa. "Ntate Phakiso, ka san shi?"

Malome ya tashi zaune, ya gyara fil ɗin bargonsa, ya ƙare mini kallo daga sama har ƙafar da ba takalmi. "Ni? Ban taɓa ganinsa ba."

"Ya goya ka yana kuka."

"Mutanen kirki ba su ƙare ba."

"Na ga ya sansana ka."

"Shi ne abin da ya ba ni tsoro. Ina jin ba shi da cikakkiyar lafiya."

Ntate Mokhele ya dubi gefen kaina, ya dubi gefen kan Malome, ya sake dubawa. "Ikon Allah. Baƙo ne, amma kunnuwansa kamar a jikin naka aka yanko."

"Iskar ƙasar nan ce," in ji Malome. "Duk haka take baza su."

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Ntate Mokhele bai yi ba. Ya shafa gemu ya yi magana a hankali, yadda kowa zai ji.

"To madalla. Don da a ce yaron da aka zo roƙa wa ruwa ne ya biyo sawun manzonsa har garina, ya tsaya gabana ido da ido, da yanzu na sa an kawo ruwan zafi da tsumma an goge fuskar nan tas. Ba a taɓa yi mana haka ba."

Na ji ƙafata mara takalmi ta yi sanyi har cikin ƙashi.

"Amma tunda baƙo ne," ya ci gaba, "kuma ya ɗauko mini baƙona daga cikin jirgi, ba zai bar garin nan da yunwa ba. Akwai sauran tunkiya." Na rantse na ga gefen gemunsa ya motsa, kaɗan, kamar ciyawa in iska ta soma. "Baƙo, yaya sunanka?"

Malome ya miƙo hannu ta ƙarƙashin bargo ya mintsini ƙaurina.

Na ce, "Sefako, Ntate." Sunan da ya zo bakina ke nan. Allah ya yafe mini, doki ma ya yafe mini.

"Sefako," ya maimaita, yana gyaɗa kai. "Suna mai kyau. Mu je gida, Sefako."

Na sauke ajiyar zuciya. Na sunkuya zan ɗaga Malome, sai na lura mutane suna waiwaye wajen tudu. Wata ce take gangarowa a guje daga gidajen sama, ta tattare shuɗiyar rigarta da hannu ɗaya, ɗankwali ya zame, bargo yana binta a baya kamar tuta. Ta ji ƙarar jirgi, ta ga wutsiya a sama. Ta ratsa mata, ta ture maza, ta tsaya tana haki. Idonta ya sauka a kan fuskar Malome mai ƙyalli, ta kai hannu baki. Sannan ya sauka a kaina.

Na girgiza mata kai. Malome ya girgiza mata kai. Ina jin har mai jinyar ta girgiza.

"Tlali!" ta ce, da muryar da ta kai har kogi. "Tlali, me kake yi a nan, ina takalminka?"

Guɗa ta tsaya. Ntate Mokhele bai waiwaya wajen 'yarsa ba. Hannunsa yana nan a kafaɗata, ya dube ni cikin natsuwa.

"Sefako," ya ce, "wa yarinyar nan take kira?"